Siyasar da ta kashe agana: tsakanin Washington, Mosko da ƙauyukan da ba a ambata

Tambaya:

Malam, ni ɗalibi ne a fannin kiwon lafiyar al'umma. An gaya mana a aji cewa agana ce kaɗai cutar ɗan Adam da aka taɓa kawarwa daga doron ƙasa, kuma Amurka da Rasha ne suka haɗa kai aka yi hakan, alhali a lokacin ba sa ga maciji da juna. Yaya aka yi abokan gaba suka yarda da juna? Kuma da gaske su biyun ne suka yi aikin?

Amsa:

Ɗana, abin da aka gaya muku yana da tushe, sai dai an gajarta muku labarin har ya rasa inda nauyinsa yake. Amurka da Tarayyar Sobiyet, wato Rashar wancan zamanin, sun yi aiki tare, wannan babu shakka, amma kowacce da abin da take nema ta shigo, kuma har aka gama ba su daina zargin juna ba. Siyasar da ta fi ba ma'aikata wahala kuwa tana wani wurin daban: yadda za a sa gwamnati ta amsa cewa akwai cutar a ƙasarta, da yadda za a kai ga mutanen da yaƙi ko yunwa ko nisa suka raba da hukuma.

Ka fara duba damtsen mahaifinka ko na kakarka. Za ka ga wani tabo zagaye, kamar an ɗora kwabo an ɗauke. Shi ne lamba, shaidar riga-kafin agana. Tsofaffin da za ka gani da zanzana a fuska kuwa su ne waɗanda cutar ta kama suka sha. Nau'inta mai tsanani yakan kashe kusan mutum 3 cikin 10 na waɗanda ya kama, ya makantar da wasu, ya bar saura da tabo har mutuwa. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai ta hallaka mutum miliyan 300. Abin da ya kamata ya tsaya maka a rai shi ne riga-kafinta ya samu tun 1796, lokacin da wani likitan ƙauye a Ingila, Edward Jenner, ya gwada cewa ƙurajen shanu suna kare mutum daga agana. Amma a 1967, bayan shekara 170, cutar tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15 a shekara, tana kashe kimanin miliyan 2, ta yi kaka-gida a ƙasashe 31. Magani yana nan, mutane suna mutuwa. Wannan giɓin na shekara 170 shi ne wurin siyasa.

An kafa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1948. Shekara guda bayan haka Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka janye jiki daga ayyukanta, suna zargin cewa ta zama 'yar amshin shatan Amurka. A 1953 shugabanta na farko, Brock Chisholm ɗan Kanada, ya kawo shawarar a yaƙi agana a duniya baki ɗaya, wakilan ƙasashe suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Bayan shekara biyu kuma suka amince da wani aikin da ya ninka wannan wahala, wato kawar da zazzaɓin cizon sauro, saboda Amurka ta tsaya a bayansa da maƙudan kuɗi. A idon Washington, feshin maganin sauro a ƙauyukan Asiya da Latin Amurka hanya ce ta sayen zukatan talakawa kafin kwaminisanci ya riga ta.

Bayan shugabanta Stalin ya mutu, Sobiyet ta dawo hukumar. A babban taron 1958, wanda aka yi a birnin Minneapolis na ƙasar Amurka, mataimakin ministan lafiyarta, Viktor Zhdanov, masanin ƙwayoyin cuta, ya miƙe ya nemi a kawar da agana daga duniya, ya yi alkawarin ƙasarsa za ta ba da riga-kafin da zai ishi mutum miliyan 25. Ya san a gidan wa yake magana, don haka ya kafa hujja da wasiƙar da tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ya rubuta wa Jenner, inda ya yi hasashen wata rana a tarihi kawai za a san cutar. Ruwa ba ya tsami banza. Sobiyet ta raba kanta da agana tun 1936, amma cutar ba ta daina tsallako mata iyaka daga kudu ba. Tana kuma da masana'antun da ke iya sarrafa busasshen riga-kafi da yawa, abin da za ta iya nuna wa sababbin ƙasashe masu 'yanci a matsayin kyautarta, tunda Amurka ta riga ta riƙe tutar sauro. Ba a jima ba ma hujjarta ta fito fili: a ƙarshen 1959 wani mai zane ya koma Mosko daga Indiya ɗauke da cutar, sai da aka yi wa miliyoyin mutanen birnin riga-kafi cikin 'yan makonni kafin aka shawo kanta.

Taron 1959 ya amince da shawarar Zhdanov, amma amincewar fatar baki. Ba a ware wani kuɗin a zo a gani ba, ma'aikatan da aka ɗora wa aikin a hedkwatar Jeniba ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shugaban hukumar na lokacin, Marcolino Candau ɗan Barazil, mutumin yaƙi da sauro ne, kuma yana kallon aikin nasa yana tangal-tangal saboda sauro ya fara jure maganin feshi. Yana tsoron idan aka sake yi wa duniya alkawari na biyu aka gaza, mutuncin hukumar ya zube. Ba na ganin laifinsa ƙwarai a nan, domin a tunanin lokacin sai an yi wa kusan kowane ɗan Adam lamba kafin cutar ta ƙare, shi kuwa ya san dazuzzukan Amazon, ya san akwai mutanen da babu gwamnatin da ta taɓa ƙidaya su. Haka aka ɓata shekara bakwai.

Ta ƙofar Afirka ta Yamma Amurka ta shigo, kuma ƙyanda ce ta jawo ta. A farkon shekarun 1960 an gwada sabon riga-kafin ƙyanda a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ya yi kyau, maƙwabta suka ce su ma suna so. Hukumar ba da agaji ta Amurka ta yarda za ta biya, ta nemi likitoci daga cibiyar yaƙi da cututtuka da ke Atlanta, wato CDC. Wani likita a can, Donald Henderson, ya ga riga-kafin ƙyanda yana da tsadar da ƙasashen ba za su iya ci gaba da saye ba idan tallafi ya ƙare, sai ya ba da shawarar a haɗa da agana, wadda ake iya gamawa da ita gaba ɗaya. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson, wanda yaƙin Biyetnam ya fara zubar wa ƙasarsa da ƙima, ya bayyana goyon bayan Amurka ga kawar da agana, ya kuma amince da shirin da daga baya ya haɗa ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru da Chadi.

Duk da manyan ƙasashen biyu suna gefe guda, a taron 1966 da ƙyar da jiɓin goshi kasafin ya wuce. Dala miliyan 2.4 ne kacal a shekara, amma da yawa daga ƙasashe masu hannu da shuni ba sa son a ƙara musu kuɗin da suke biya, kuma da ratar ƙuri'a biyu aka tsallake. Henderson ya ba da labarin cewa Candau ya dage sai Ba'amurke ne zai shugabanci aikin, don idan ya rushe a san wanda za a tuhuma. Shi aka tura. Mutanen Mosko ba su ji daɗi ba, tunda su suka kawo shawarar tun farko. Aka fara a watan Janairun 1967, da wa'adin shekara goma.

To, yaya haɗin kan ya kasance a aikace? Fara da riga-kafin kansa. Na ruwa yakan lalace cikin 'yan kwanaki a zafi irin namu. Busasshe, wanda Leslie Collier ya inganta hanyar yinsa a Ingila a shekarun 1950, yakan jure wata guda a zafin da ya kai na jikin mutum. Da aka gwada abin da ake amfani da shi a ƙasashen da cutar take, ko kashi 10 cikin 100 bai cika ƙa'ida ba. Wato an daɗe ana tsaga damatsan mutane da abin da ba ya aiki. Sai aka ɗora wa ɗakunan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Toronto ta Kanada, ɗaya a Bilthoven ta Holan, alhakin gwada kowane rukuni, ko daga wace ƙasa ya fito. Nan siyasa ta kunno kai, domin wasu rukunan na Sobiyet ma sun faɗi gwajin. Da an kai maganar gaban 'yan jarida, da wataƙila aikin ya mutu a nan. Henderson ya tafi Mosko ya gana da mataimakin ministan lafiya Dmitry Venediktov a asirce, aka gyara. A ƙarshe Sobiyet ta ba da riga-kafin mutum sama da biliyan 1.4, fiye da kowace ƙasa nesa ba kusa ba. Amurka ta fi ba da kuɗi, motoci da ƙwararrun masu bin diddigin cuta. Zuwa 1973 kuma, kusan kashi 80 cikin 100 na riga-kafin a ƙasashe masu tasowa ake yinsa, irin su Indiya, Barazil da Kenya.

Akwai kuma wata 'yar allura mai baki biyu da Benjamin Rubin na kamfanin Wyeth ya ƙirƙira. A tsoma ta a kwalba, ɗigo ya maƙale tsakanin bakunan, a caccaka damtse sau 15. Kwalbar da da take isar mutum 25 sai ta ishi 100, ana tafasa allurar a sake amfani da ita, kuma wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya koyon aikin cikin 'yan mintuna. Kamfanin ya yafe kuɗin haƙƙin mallakarsa ga hukumar. Ina yawan tuna wannan idan na ga yadda aka yi ta jayayya kan haƙƙin mallakar riga-kafin korona.

Ƙasa da ministoci kuwa, ma'aikatan sun cakuɗe ta yadda ba a saba gani ba a zamanin yaƙin cacar baka. Karel Raska ɗan Chakoslobakiya shi ne shugaban sashen cututtuka masu yaɗuwa, kuma shi ya dage kan muhimmancin sa ido da tattara rahoto. Isao Arita ɗan Japan shi ne na hannun daman Henderson, shi kuma ya gaje shi a 1977. Samfurin ɓawon ƙuraje daga ƙauyukan Afirka da Asiya, wani a aika Atlanta, wani a aika ɗakin gwajin Svetlana Marennikova a Mosko, inda a 1970 aka gano mutum na farko da ƙyandar biri ta kama, wani jariri a Kwango. Duk wannan yana gudana ana ruwan bama-bamai a Biyetnam, tankokin Sobiyet kuma sun shiga birnin Prague a 1968.

Dabarar da ta juya akalar yaƙin kuwa a Najeriya aka gwada ta. A watan Disamban 1966 agana ta ɓarke a yankin Ogoja, kayan aikin shirin ba su gama isowa ba, riga-kafin da ke hannun likita William Foege bai taka kara ya karya ba. Sai ya yi amfani da rediyon 'yan mishan, aka tura 'yan aike ƙauye-ƙauye su gano inda masu cutar suke. Aka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka lamba, sannan aka tambayi jama'a: ina danginku suke, wace kasuwa kuke ci? Aka riga cutar zuwa can. Annobar ta mutu alhali mafi yawan mutanen yankin ba a yi musu riga-kafi ba. Agana ba ta da maɓoya a jikin dabba, ba ta zama a jikin wanda ya warke, wanda ta kama kuma fuskarsa tana shela. Idan aka kewaye mara lafiya da mutanen da ba za ta iya kamawa ba, sarƙar ta tsinke. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, amma kafin nan an kusa share yankin gabas. A arewa da ƙasar Nijar, inda makiyaya da fatake ke tsallaka iyaka yadda suka ga dama, sarakuna da hakimai da dagatai su suka tara jama'a, aka yi ta layi a gaban bindigar allura mai aiki da taka ƙafa. An yi wa mutum sama da miliyan 100 riga-kafi a yankin cikin shekara uku da rabi, kuma mutum na ƙarshe da ta kama a ƙasashen 20 an gan shi a Najeriya a watan Mayun 1970. Wannan nasara ce ta rufe bakin masu cewa ba zai yiwu ba, domin an yi ta a wasu daga ƙasashe mafi ƙarancin likitoci da hanyoyi a duniya.

Yanzu ga siyasar da na ce ta fi wahala. A 1967 rahoton da ya isa Jeniba na kimanin mutum 131,000 ne kacal, alhali gaskiyar lamarin miliyoyi ne. Kusan kashi 1 cikin 100 ke nan. Wani ɓangaren rashin asibitoci ne, wani kuwa rufa-rufa ce da gangan. Ƙaramin ma'aikaci yana ɓoyewa saboda idan cuta ta ɓulla a gundumarsa za a ce bai yi aikinsa ba. Gwamnati tana ɓoyewa saboda tsoron a killace 'yan ƙasarta, a ƙi sayen kayanta, baƙi su ƙaurace. Iran ta yi fama da annoba daga 1970 zuwa 1972 ba ta faɗa ba, a daidai lokacin da Shah, sarkin ƙasar, yake shirya gagarumin bikin cikar daular Farisa shekara 2,500. Cutar ta tsallaka Iraƙi da Siriya. A 1972 wani mahajjaci daga Kosobo ya biya ta Iraƙi a hanyarsa ta komawa gida, ya kai ta Yugoslabiya, inda likitoci suka daɗe ba su ga agana ba har suka kasa gane ta. Ta kama mutum 175, ta kashe 35, aka killace garuruwa da sojoji, aka yi wa kimanin mutum miliyan 18 riga-kafi. Shirun gwamnati ɗaya ya jawo wa ƙasar da ke nesa da ita dubban kilomita wannan bala'i. Hukumar Lafiya ba ta da soja, ba ta da ikon shiga ƙasa sai da izini. Makaminta lallashi ne, da jin kunyar da minista zai sha idan an buga sunan ƙasarsa a jerin waɗanda suka rage.

Indiya ce babban fagen fama. Da aka fara bincike gida-gida a ƙarshen 1973, ma'aikata sama da 100,000 suna zaga gidaje sama da miliyan 100 da katin hoton yaro mai agana a hannu, sai alƙaluma suka yi tashin gwauron zabi, domin abin da ke ɓoye ya fito. A 1974 an ƙirga mutum 188,000 da ta kama, sama da 31,000 suka mutu, galibi a jihar Bihar. A watan Mayun shekarar Indiya ta gwada makamin nukiliyarta na farko, 'yan jaridar duniya suka cika ƙasar, suka koma da labari biyu: ƙasar da ta iya ƙera bam ta kasa kashe cutar da ke da riga-kafi tun ƙarni na 18. Wannan ya zaburar da gwamnatin Indira Gandhi. Duk da haka akwai manyan jami'an da suka nemi a watsar da dabarar kewaye a koma yi wa kowa da kowa, kuma likitocin Indiya irin su M.I.D. Sharma da R.N. Basu, tare da Nicole Grasset ta ofishin hukumar a Delhi, su suka tsaya kai da fata har aka ci gaba. Kuɗi sun kusa ƙarewa, Suwidin ta cike giɓin. Garin Jamshedpur mai masana'antar ƙarfe ya zama matattarar da jiragen ƙasa ke kwasar cutar suna watsawa, kamfanin Tata ya ba da motoci da ma'aikata da kuɗi. Aka sa tukuici ga duk wanda ya kawo labarin mai cutar, har da ma'aikatan lafiya, wanda hakan ya mayar da ɓoyewa asara. A watan Mayun 1975 aka ga na ƙarshe.

Dole in faɗa maka abin da ba a cika faɗa a aji ba. A watannin ƙarshe a Indiya da Bangaladash an yi amfani da ƙarfi. An fasa ƙofofi da dare, an danne mutanen da suka ƙi, an yi musu lamba dole. Wasu daga likitocin da suka aikata hakan sun amsa da bakinsu daga baya. Masu kare su suna cewa mutum ɗaya da ya ƙi yana iya kashe ƙauye. Na fahimci hujjar, amma ban yarda cewa abin ya tafi a banza ba. Jama'a ba sa manta ranar da hukuma ta shigo musu gida da ƙarfi, kuma ma'aikacin da zai zo bayan shekara ashirin da wani riga-kafin shi zai biya bashin. Wanda ya ga yadda aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003 ya san tsadar rashin yarda, ko da dalilan can daban ne.

Yaƙi kuwa sau biyu yana mayar da hannun agogo baya. Gabashin Pakistan ya rabu da agana a 1970. Yaƙin 1971 ya kora kimanin mutum miliyan 10 zuwa Indiya, cutar ta shiga wani sansanin 'yan gudun hijira kusa da Kalkata, da suka koma sabuwar ƙasarsu Bangaladash suka koma da ita. Ambaliya da yunwar 1974 suka sake tarwatsa jama'a, gwamnati ta rushe unguwannin talakawa a Dhaka ta ƙara watsa masu ɗauke da cutar, a watan Agustan 1975 aka kashe shugaban ƙasar Sheikh Mujibur Rahman. Cikin wannan hargitsi aka gama. Wata ƙaramar yarinya a tsibirin Bhola, Rahima Banu, ita ce ta ƙarshe a duniya da nau'i mai tsanani ya kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, a watan Oktoban 1975, kuma ta rayu.

Saura Ƙahon Afirka. Habasha ba ta shiga shirin ba sai 1971, aka yi juyin juya halin da ya kifar da Sarki Haile Selassie a 1974 ana tsakiyar aiki, ma'aikata suna shiga tsaunuka da alfadarai da jirage masu saukar ungulu. An gama da ita a 1976, amma makiyayan Ogaden sun riga sun kai cutar Somaliya, hukumomin can kuma suka yi ta ɓoye girman abin har ya kama mutum sama da 3,000 a 1977. A shekarar ce Somaliya da Habasha suka gwabza yaƙi kan Ogaden, Sobiyet ta juya wa Somaliya baya ta koma bayan Habasha. Babban abin da ya hana ma'aikata barci shi ne aikin Hajji yana ƙaratowa: mutum ɗaya mai agana a Makka yana iya mayar da ita ƙasashe da dama cikin wata guda. Allah ya kiyaye. Ranar 26 ga Oktoban 1977 ƙuraje suka fito wa mutum na ƙarshe a duniya da agana ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Merca, wanda ya kamu bayan ya shiga mota na 'yan mintuna don nuna hanya ga direban da ya ɗauko yara biyu masu cutar. Ya warke. Daga baya ya ba da rayuwarsa ga yaƙi da shan inna a ƙasarsa, yana gaya wa iyaye cewa tsoron allura ne ya sa shi kauce wa lamba. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a 2013 yana bakin wannan aiki.

Tabbatar da cewa ta ƙare ma sai da aka yi siyasa. Dole ƙasa ta yi shekara biyu babu cutar, sannan ta bar baƙi su shigo su bincika, su duba fuskokin yara ko akwai sabuwar zanzana. Sin ba ta karɓi kujerarta a hukumar ba sai 1972, kuma sai 1979 ta bar tawaga ta shiga. Afirka ta Kudu an dakatar da ƙuri'arta tun 1964 saboda wariyar launin fata, duk da haka sai da aka nemi hanyar samun bayananta, domin ƙwayar cuta ba ta san wanda aka kora daga taro ba. Ranar 9 ga Disamban 1979 kwamitin da Frank Fenner ɗan Ostareliya ya jagoranta ya sa hannu, ranar 8 ga Mayun 1980 babban taron hukumar ya shelanta wa duniya. A lokacin sojojin Sobiyet sun riga sun shiga Afganistan, Amurka tana shirin ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko.

Kan tambayarka ta biyu, lissafin kuɗi ya isa amsa. Daga 1967 zuwa 1979 aikin ya ci kimanin dala miliyan 300. Abin da ya fito daga waje bai kai miliyan 100 ba. Kashi biyu cikin uku ƙasashen da cutar take ne suka biya daga aljihunsu, su kuma suka ba da dubban ɗaruruwan ma'aikatan da suka taka ƙasa. Ƙasashe masu arziki sun ci riba nan take, domin sun daina kashe kuɗi kan yi wa 'ya'yansu riga-kafi da gadin filayen jiragen sama. Amurka ta daina yi wa yaranta lamba tun 1972. Idan an ce maka Amurka da Rasha suka kashe agana, ka tambaya: wa ya ƙwanƙwasa ƙofofin Bihar, wa ya kwana gadi a ƙofar bukkar mara lafiya a Ogaden?

Dalilin da ya sa ba a maimaita ba kuwa, rabi na cutar ne, rabi na mutane. Shan inna yana kama ɗaruruwan yara ba tare da alama ba kafin ya shanye ƙafar ɗaya, riga-kafinsa yana son sanyi da maimaici. Tun 1988 ake fama, har yau yana nan a Pakistan da Afganistan. Cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa ta dabbobi ce, bushiyar shanu, a 2011.

Akwai ƙarshen labarin da ke nuna iyakar yardar da ka tambaya a kai. A 1978 ƙwayar cutar ta kuɓuce a makarantar likitanci ta Birmingham a Ingila, ta kashe wata mai ɗaukar hoto, Janet Parker. Wannan ya sa aka matsa wa ɗakunan gwaje-gwaje su ƙona abin da suke ajiye da shi ko su miƙa, har ya rage wuri biyu: Atlanta da Mosko, na Mosko kuma aka mayar da shi cibiyar Vector a Saiberiya a 1994. Bayan rushewar Sobiyet, wani babban jami'in shirinta na sirri, Kanatjan Alibekov, ya gudu Amurka a 1992 ya bayyana cewa ƙasarsa ta riƙa noma ƙwayar agana da yawa don makami, duk da ta sa hannu a yarjejeniyar 1972 da ta haramta hakan. Ƙasar da ta ba duniya riga-kafi mafi yawa ita ce kuma take wannan a ɓoye, a daidai lokacin da duniya ke daina yi wa 'ya'yanta lamba. An sha tsayar da ranar ƙona ragowar ƙwayar, a 1993, 1995, 1999 da 2002, ana ɗagewa, saboda ƙasashen biyu suna cewa ana buƙatarta don binciken magunguna. Ƙasashe masu tasowa da dama, waɗanda su suka fi shan wahalar cutar kuma ba su da rumbun riga-kafi idan ta dawo, sun sha neman a ƙona. Ni ina tare da su: an riga an karanta tsarin halittar ƙwayar, an samu sababbin riga-kafi da magunguna, kuma a 2014 an tsinci tsofaffin kwalaben agana da aka manta da su a wani ɗakin ajiya na gwamnati kusa da Washington, wasu da ƙwayar a raye. Zuwa yanzu abin da aka iya cimma shi ne masu bincike na Hukumar Lafiya suna ziyartar ɗakunan biyu duk bayan shekara biyu, kuma kowane gwaji da za a yi da ƙwayar sai kwamitin hukumar ya amince.